Katunan Sunan Likitocin Haƙori Sun Tsiro

A otal ɗin babu mai kiranta da sunanta. Uwar Taro kowa yake cewa, daga mai gadi har Manaja, domin duk taron da aka yi a babban zauren bene na farko ita ce ke jera kujerunsa, ita ke rigima da Kuku kan abinci, ita ke neman batiri idan makirfo ya mutu ana tsakiyar jawabi. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, waya ɗaya a hannu, ɗaya a aljihun riga.

Tana son aikinta, amma ta tsani washegarin taro. Da safe za ta tarar da gorunan roba a ƙarƙashin kujeru, kowace an kurɓa sau biyu an ajiye. Ga takardun jawabai da babu wanda ya karanta, ga katunan suna na roba da igiyoyinsu a warwatse, ga shinkafa da nama tuli a bayan kicin suna jiran motar shara. Ta sha yi wa Manaja magana, shi kuma kullum amsarsa ɗaya ce: "Baƙo ya biya kuɗinsa, Uwar Taro. In ya ga dama ya yi wanka da ruwan gora."

Ana haka sai ƙungiyar likitocin haƙori ta nemi zauren don taronta na shekara. Shugabar ƙungiyar da kanta ta zo, doguwar mace mai tabarau, ba ta dariya. Kuku ya leƙo ta ƙofar kicin ya raɗa wa Uwar Taro cewa duk da haƙora ne sana'arta, da alama babu wanda ya taɓa ganin nata.

Shugaba ta zauna a ofishin Manaja ta ce, "Bara a wani otal muka yi. Da muka tashi na ga sharar da muka bari, na ji kunya. Bana ba na son gorar roba ko ɗaya. Ba na son a zubar da abinci. Ba na son katin suna na roba. Za ku iya, ko in duba gaba?"

Manaja ya buɗe baki zai fara lallashi, sai Uwar Taro ta riga shi.

"Za mu iya, ranki ya daɗe. Har abin da ba ki faɗa ba za mu yi."

Da Shugaba ta fita, Manaja ya cire hula ya share gumi.

"Mene ne abin da ba ta faɗa ba?"

"Ban sani ba tukuna, ranka ya daɗe."

Ta fito daga ofishin cike da zumuɗi. Lifta ma ba ta jira ba, ta sauka ta matattakala tana tsallake wasu.

Maganar ruwa ba ta yi wuya ba. Ta sa aka wanke tankin tace ruwa na bayan kicin, aka fito da butocin gilashi da kofuna da suka daɗe a sito suna shan ƙura. Abinci kuwa sai da suka yi da Kuku, domin shi mutum ne da yake ganin in tire bai cika ya batse ba, an ci mutuncinsa. Ta ce a canza manyan farantai zuwa matsakaita, a riƙa fito da abinci kaɗan-kaɗan, wanda bai ƙoshi ba ya ƙara. Ɓawon dankali da ganyen da aka yanke a tara su a rami a bayan otal su zama taki.

Kuku ya ce, "Wato ni da na yi shekaru ina ciyar da manya, yanzu na koma mai tara ɓawo."

"Ka zama babban mai tara ɓawo na garin nan. Wa ya kai ka?"

Ya juya mata baya, amma ta ga kafaɗunsa na girgiza.

Katin suna ne ya tsaya mata a rai. Tana cikin motar haya za ta gida ta tuna wani ɗan bidiyo da ta taɓa gani a waya, na takarda mai iri a ciki, wadda in an gama da ita sai a binne a ƙasa ta tsiro. Ta kusa wuce tasharta don murna.

Mijinta tela ne, shagonsa a ɗakin gaba na gidansu. Ta shigo ko jaka ba ta ajiye ba ta fara zuba masa bayani. Ya tsayar da keken ɗinki ya dube ta ta saman tabarau.

"Maman yara, zauna ki numfasa. Takarda za ki shuka?"

"Ba ni zan shuka ba, likitoci ne. Mu yi musu kati, su rataya a wuya, in sun koma gida su binne. Kai kuma za ka ɗinka mana igiyoyin wuya da ƙyallayen nan da ka tara."

"Ƙyallayena?"

"Buhu-buhu ne a ƙarƙashin gado, Maigida. Ɓeraye ma sun gaji da su."

Iya, mahaifiyar Tela, tana zaune a kan kujerarta a tsakar gida tana jin su. Ta ce, "In dai iri kuke nema, ina da na alayyafo da latas a gwangwani. Amma ku sani irina ba ya wasa. Ruwa kaɗan ya gani, ya tashi."

Babu wanda ya riƙe wannan magana.

Gidan ya koma masana'anta. Uwar Taro tana dawowa da tsofaffin takardun taruka a jaka, a yayyaga su a jiƙa a baho, a markaɗa a bilenda har su zama kamar kunu mai kauri. Sai Iya ta barbaɗa iri, a zuba a kan ragar taga da suka cire daga ɗakin baƙi, a matse da tsohon tawul, a shanya. Bilendar ta yi ta kuka har wata yamma ta yi hayaƙi ta mutu, aka aro ta maƙwabta, ita ma ta fara wari, aka mayar da ita cikin gaggawa da godiya mai yawa. Takardu suka cika baranda, suka hau kan gado, suka hau kan firji. Tela ya ce ya wayi gari da ɗaya manne a bayansa, ya je sallah da ita bai sani ba.

Katunan suka fito da kauri kamar kwali, launin toka-toka, da ɗigo-ɗigon iri a jiki. Uwar Taro ta rubuta sunan kowane likita a sama da alƙalami mai kauri wanda ruwa ba ya wanke shi, Tela ya zura igiyoyi kala-kala. Wani likita zai rataya ragowar rigar amarya, wani kuma ragowar wandon ɗan makaranta.

Ta kai su otal a kwalaye, ta jera su a tsaye a cikin ƙaramin sito na kusa da zaure, gefen taga, ta bar bakin kwalayen a buɗe don su ƙarasa bushewa. Na Shugaba kaɗai ta ware. Shi ne ya fi kyau, don haka ta sa shi a ambulan ta kulle a durowar ofis. Daga nan aikin kujeru da fitilu da masauki ya ɗauke mata hankali, ba ta sake leƙa siton ba har ana gobe taro.

Da la'asar ta buɗe ƙofar ta ji ƙanshin ƙasa bayan ruwan sama. Ta duba sama, ta ga bututun esi, na'urar sanyaya zaure, wanda ya ratsa ta bangon siton, yana ɗiga a hankali daidai kan kwalayen. Ta duba ƙasa.

Kwalayen sun zama lambu. Kowane kati ya fitar da gemu kore a gindinsa, siraran tsirrai masu ganye bibbiyu, duk sun karkata wajen taga. Ta zaro ɗaya. Sunan yana nan ras a sama, ƙasa kuwa latas ne ya yi cincirindo, fararen saiwoyi na reto.

Ta zauna daɓas a kan bokitin da ke kife. Ta so ta yi kuka, sai dariya ta zo a madadinsa, irin wadda ba ta da sauti, ta riƙe ciki tana haki. A haka Kuku ya same ta. Ya dubi kwalayen, ya dube ta.

"Uwar Taro, wannan na kicin ne ko na zaure?"

Wannan ya ƙarasa ta. Sai da ta dafa bango kafin ta miƙe.

Manaja bai ga abin dariya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa hannu a ka.

"Mutum ɗari uku da wani abu, manyan likitoci, za su rataya ciyawa a wuya a otal ɗina. Akwai ragowar katunan roba a ƙasa. A ɗauko su yanzu."

"Ta ce ba ta son roba, ranka ya daɗe."

"Ta ce tana son gona?"

Kuku ya kawo shawarar a yi musu aski. Ya ɗauko almakashin kicin ya gwada a kan kati ɗaya, ya fito kamar haɓar wanda aka aske da reza mara kaifi. Uwar Taro ta ƙwace sauran ta rungume. Ta kira gida, Iya ce ta ɗaga.

"Iya, sun tsiro."

"To me kika zata za su yi? Duka?"

"Duka."

"Madalla. Alayyafon ya fi latas tsawo?"

Ba ta samu ta amsa ba, domin mai gadi ya hawo da gudu ya ce Shugaba ta iso, ta zo duba zaure kafin gobe, tana cikin lifta. Manaja ya yi ƙoƙarin tare ƙofar siton da jikinsa, amma ba shi da faɗin da zai rufe kwalaye.

Shugaba ta duba butocin gilashi ta gyaɗa kai. Ta duba allon da aka rubuta tsarin taro a kai maimakon takardu, ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Katunan suna fa?"

Uwar Taro ta ture Manaja a hankali ta fito da kwali ɗaya ta ajiye a kan tebur.

"Ga su, ranki ya daɗe. Takarda ce mai iri, mu muka yi ta a gida. Nufinmu sai kun koma gida ku shuka, amma esi ya yi ta ɗiga a kansu, suka riga ku."

Shugaba ta gyara tabarau ta sunkuya. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta shafa kan tsirran kamar mai shafa kan jariri, ta zaro na mataimakinta ta ɗaga shi sama ta duba saiwoyin. Bakinta ya ɗan motsa, amma haƙoran ba su fito ba.

"Nawa fa?"

Uwar Taro ta ruga ofis ta dawo da ambulan, ta miƙa da hannu biyu. Shugaba ta buɗe, ta ga kati busasshe, sumul, babu ko ɗigon kore. Ta juya shi gaba da baya.

"Me ya sa na kowa ya tsiro, nawa bai tsiro ba?"

"Naki mun adana shi ne don girmamawa."

"Wato mataimakina zai shigo da lambu a ƙirji, ni in shigo da kwali."

Manaja ya sauke hannunsa daga ka a hankali.

Shugaba ta ce, "Ba ni ruwa." Ta tsoma gindin katin a kofi da kanta, ta ɗaga, ta naɗe shi a hankici ta sa a jaka. "Gobe a raba su haka. Kada wanda ya taɓa musu ganye."

Da safe teburin karɓar baƙi ya zama kasuwa. Likita zai zo da kwat da jaka da fuskar aiki, a miƙa masa katinsa, ya tsaya yana kallo, sai ka ga ya juya yana neman wanda zai nuna wa. Wata ta ce a canza mata, nata ya yi sanƙo a gefe ɗaya. Wani dattijo mai furfura ya fito da ɗan madubin nan da suke leƙa baki da shi, yana duba ƙarƙashin ganye. Kafin a buɗe taro an fara awo, an gano cewa wata likitar haƙoran yara ce ke da alayyafo mafi tsawo, mutane suna layi su ɗauki hoto da ita.

Matsala ta ɓullo kafin shayin safe: katunan da ɗanshi, suna jiƙa gaban riguna. Uwar Taro ta kira mijinta. Ba a jima ba sai ga Tela a motar haya da kekensa da buhun ƙyallaye, ya kafa shago a lungun baranda yana ɗinka ƙananan aljihuna da ake zura gindin kati a ciki. Likitoci suka kewaye shi suna zaɓen launi.

Ya ce mata ƙasa-ƙasa, ƙafarsa na kan feda, "Maman yara, wancan mai jan taye ya ce in auna shi kwat."

"Auna shi mana."

"Ni fa na zo taimako ne."

"Taimaka masa da kwat ɗin."

A cikin zaure wani babban malami yana jawabi kan ciwon dasashi, amma rabin masu sauraro sun sunkuyar da kai suna ɗiga wa katunansu ruwa da cokalin shayi. Shi ma da ya kai tsakiya ya tsaya ya kurɓi ruwa, ya ɗan zuba wa nasa, ya ci gaba. Butocin ruwa suka riƙa ƙarewa da wuri. Ma'aikata suna ta kai da kawo, Uwar Taro na bayansu, ta cire takalmi mai tsini ta sa silifas, wayoyinta biyu na ringi tana amsa wadda ba ita ba.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. An fasa kofuna da dama. An rage ƙarfin esi don tsimin wuta, sai masu kwat suka fara fifita da hannu, har Shugaba ta ba da izinin a tuɓe kwat. Wani likita mai ƙiba ya yi ƙorafi cewa farantin nan na yara ne, ya koma layi har ma'aikata suka haddace fuskarsa. An kuma kama wani da katan ɗin ruwan gora a ƙarƙashin tebur, ya rantse ba don kansa ya kawo ba, don latas ɗinsa ne, wai ba ya son ruwan tanki. Aka yanke masa hukuncin ya tashi ya ba kowa haƙuri a makirfo, ya yi, zauren ya ɗauki tafi.

Kuku kuwa ya sauya. Da ya ga tirensa na ƙarewa tas ana neman ƙari, ya fara fitowa da kansa da farar hula yana zagaya tebura. Ya tara gwangwanayen madara da aka juye, ya huda gindinsu, ya cika su da ƙasa daga bayan otal, yana raba wa duk wanda tsironsa ya fara laushi. Manaja, wanda jiya yake neman roba, aka gan shi a bakin ƙofa yana yi wa wani ɗan jarida bayani da hannu biyu.

"Tsari ne da muka daɗe muna nazari a kai," in ji shi. Ya hango Uwar Taro na wucewa da buta, ya ƙara da cewa, "Ita ce ta yi nazarin."

Shugaba ce kaɗai katinta ya ƙi motsi. Kowace safiya takan tsayar da Uwar Taro a bakin lifta ta buɗe hankici.

"Duba min. Wannan ba tsiro ba ne?"

"Zare ne, ranki ya daɗe."

"Kin tabbata kun sa iri a nawa?"

"Naki Iya ta fi cika wa."

Uwar Taro ta sake kiran gida, Iya ta ce a daina buɗe shi kowane lokaci, a sa shi gefen taga a bar shi ya huta. Aka isar da saƙon. Shugaba ta karɓa da muhimmanci, ta ce a gaida Iya.

Ranar rufe taro, ana tsakiyar karanta shawarwarin da aka cimma, Shugaba ta dakata ta ce kafin a ci gaba tana da sanarwa. Ta ɗaga katinta sama. A gindinsa akwai tsiro guda, lanƙwasasshe, ko ganye bai buɗe ba, sai na layin gaba ne suka iya ganinsa. Duk da haka zauren ya miƙe tsaye. Likitar yara mai dogon alayyafo ta hau dandamali ta rungume ta. A nan take aka ƙara shawara ɗaya, cewa baɗi ma a wannan otal za a yi, kuma kowa ya zo da hoton abin da ya girbe.

Da aka watse, masu shara suka gama zaure tun rana ba ta faɗi ba, suka zo suna tambayar Uwar Taro ko akwai wani wurin da suka manta. Abin da suka tara, mutum ɗaya ya ɗauka ya sauka da shi. Katin suna ko ɗaya ba a bari a ƙasa ba.

Uwar Taro ta sauko ƙofar otal don sallamar baƙi. Motoci na fita, kusan kowace da gwangwanin madara a gaban gilashi. Tela na tsaye a gefenta da tef ɗin awo a wuya da aljihu cike da takardun awon kafaɗun likitoci.

Motar Shugaba ce ta ƙarshe. Ta zauna a baya, ta matse gwangwaninta tsakanin gwiwoyi, ta kare shi da tafin hannu. Ta sauke gilashi.

"Sau nawa ake ba shi ruwa?"

"Safe da yamma, kaɗan-kaɗan."

"In ya yi rawaya fa?"

"Ki kira ni, in haɗa ki da Iya."

Shugaba ta gyaɗa kai ta taɓa kafaɗar direba. "Akwai tudu a bakin get. Ka hau shi a hankali."

Motar ta tafi kamar ana tura ta. Ta hau tudun da tayar gaba, ta tsaya, ta hau da ta baya, masu babura na bayanta suna ta hon. Uwar Taro ta riƙe hannun rigar mijinta, dariyar ta sake taso mata, ta zauna a kan matattakala.

Tela ya ce, "Tashi mu je gida, mutane na kallon ki."

"Bari su fita titi tukuna. Ina so in ga yadda za su yi da shataletale."